Murfin Gangar Baba

Shekarar da Inna ta daina cin abinci, ni na tuna da gangar Baba, kuma ni na kusa kashe gangar da hannuna.

Baba mai balangu ne. Gangar mai ya sa aka tsaga masa a kwance, aka yi mata murfi, aka shimfiɗa ragar waya a ciki, aka ɗora ta bisa ƙaramin amalanke mai taya biyu. Sai ya ɗaura wa babur ya ja, yau Jega, gobe Maiyama, ran da ba kasuwa ya tsaya nan Aliero bakin hanya, inda masu lodin albasa ke hutawa. Ni ban gaji sana'ar ba, malamin firamare na zama. Da ya rasu muka tura gangar bayan rumbu, damina bakwai tana shan ruwa. Kaji har ƙwai suka riƙa yi a ciki.

Inna ta yi jinya ta tashi, amma bakinta bai tashi ba. Kunu ludayi biyu, ta ture. Likita ya ce in ba ta ci ba, magani aikin banza ne. Na yi lallashi, na yi faɗa, don ni dai Allah bai ba ni haƙuri ba. Na sayo tsire, na sayo kifi, ta sinsina ta ajiye. Wata rana da hantsi tana kallon bango ta ce, "Ni ba abin da raina ka so sai naman babanku."

Ai ban tsaya ba. Na janyo amalanken, tayoyin sun mutu, tsatsa ta cinye gindin gangar har kana hango ƙasa. A motar albasa na loda shi zuwa Jega, wurin wani tsohon mai walda, abokin Baba, wanda shi ya tsaga gangar tun farko. Da ya gan ta sai ya dafa ta. Ya toshe gindin da sabon ƙarfe, ya canza boris ɗin ƙafafun amalanken, aka sa tayoyi. Sannan ya ce, "Ɗana, waje za ka gyara. Ciki kak ka taɓa shi."

Na leƙa cikin. Baƙi ƙirin, maiƙo da hayaƙi sun daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na ce, "Haba Kawu! Mara lafiya zan ba nama daga wannan ƙazanta?" Ya ce ba ƙazanta ba ce. Na kawo masa zancen ƙwayoyin cuta kamar ina gaban allo. Da zan tafi ya ce in bar murfin, wai hannun murfin ya karye, sai an kawo wuta zai liƙe shi.

Kwana uku na yi a tsakar gida da buroshin ƙarfe da samfefa. Tsatsa ta cika mini hanci, yatsuna suka farfashe. Waje na gurje, ciki ma na gurje, na bi da wuƙa na kankare, na wanke da sabulu har ƙarfen ya yi fari. Na shafa koren fenti a waje, irin kalar da Baba ke so, amalanken ma haka. Wallahi na ji daɗin kaina. Matata ta ce ko sabuwa ba ta kai ta ba.

Na sayo naman rago, na hura gawayi, na rufe da fallen kwano tunda ba murfi. Yaji, man gyaɗa, albasa, duk yadda nake ganin Baba na yi. Na kai wa Inna da zafinsa. Ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta daɗe tana taunawa, ta mayar a tafin hannu. "Nama na mai daɗi," in ji ta. "Amma ba nashi na ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, gangarsa ce fa!" Ta ce a kai ta ta gani. Muka riƙo ta ni da matata har bakin gangar. Ba ta ko kalli fentin ba. Ta bari ƙarfen ya huce, ta shafa yatsa a ciki ta kai hanci. Ta sake shafawa.

"Mi kay yi mata?" ta ce. "Ka wanke shi duka."

Sai a lokacin na gane abin da na kankare. Kitsen shekara da shekaru ne, da hayaƙin kowace kasuwa da ya ci, shi ke narkewa ya kama naman. Na zubar da shi a kwata, har ina alfahari. Kewar Baba ta taso mini yadda ko ranar jana'izarsa ban ji ba.

Na hau babur sai Jega, kada tsohon ya ji maganata ya gurje murfin. Na tarar da wuta, injinsa na ta tartsatsi. Ya shiga ciki ya fito da murfin a naɗe cikin buhu, hannun nan lafiya lau, cikinsa baƙi yadda Baba ya bar shi.

"Ba abin da yak karye," ya ce. "Halinka nis sani."

Washegari na sake hura gawayi, na kifa murfin. Da ya ɗauki zafi sai wani ƙamshi ya tashi, wanda ke rigan Baba shigowa gida in ya dawo kasuwa. Na zauna a kan turmi. Can na ji muryar Inna daga ɗaki, "Kawo man tun da zahi." Yanka huɗu ta ci, ta nemi ruwa, da yamma ta sha kunu.

Shekara biyu ta ƙara tare da mu. Duk Juma'a nake gasa mata, kuma duk gashi baƙin nan na murfin yana raguwa. Tun da ta rasu ban sake ɗora shi a wuta ba, tsoro nake ya ƙare. Gangar na nan kore shar a zaure, murfinta duk tsatsa, baƙi na tsokanata wai fenti ya ƙare mini. In ba kowa, ina ɗaga shi in sa hanci.