Carbin Barazil na Yaya Munkaila

Shekara tara ke nan da muka binne yayana, Alhaji Munkaila, a Salaga. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya zagayo nakan yi masa addu'a, in raba ƙosai a ƙofar gidana a Yendi, in yi shiru. Bana ne kawai na ɗauki alƙalami, domin a 'yan makonnin nan na gano cewa mutumin da muka sha nono ɗaya da shi ban gama saninsa ba. Har yanzu kaina a ɗaure yake.

Yaya dillalin doya ne, daga Kpandai yake ɗaukowa ya tura kudu. Mutum ne mai ɗaure fuska. Bai yarda an buga ganga a auren 'ya'yansa ba. Matarsa, Hajiya Adisa, ban taɓa jin ya kira sunanta ba, sai dai ya ce "ku gaya wa mutanen gida". Ko ni da nake ƙanensa, idan zan yi dariya a gabansa sai na fara duban fuskarsa.

Wata shekara wasu baƙi suka zo Salaga daga Barazil, baƙaƙen fata irinmu, don su ga tsoffin rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Suna sanye da farare fat, da rawani a ka. Yaya ya hange su, ya ɗauka malamai ne, ya aika aka shigo da su gida, aka daka musu sakwara. Tafintansu ɗan Ankara ne, babban birninmu na Gana, jikan mutanen da suka dawo daga Barazil tun zamanin da, yana jin Hausar zango. Ni ina Yendi a lokacin, sai bayan sun tafi na zo na tarar da Yaya da sabon carbi, doguwar tsarkiya ta duwatsu farare da shuɗɗa. Na tambaye shi, ya ce kyautar baƙi ce. Na ce ai bai saba tara baƙin da bai sani ba. Ya ce, "Kullum muna cewa kakanninmu goro kawai suka yi fatauci. To, su wa suka ɗauki goron a ka?"

Da wannan carbi ya yi sauran rayuwarsa. Da shi ake ganinsa a sahun gaba, da shi ya je Makka ya dawo. Unguwa duk ta san shi da carbin malaman Barazil. Ranar da ya rasu, ni na cire masa riga don wanka, na tarar da 'ya'yan carbi guda biyu a aljihu, fari da shuɗi. Na zaci tsinkewa ya taɓa yi, na jefa su cikin gwangwanin da nake ajiye maɓallai, na manta. Carbin kuwa ya koma hannun Hajiya, wadda yanzu idonta ya kusa tafiya, kuma ba ta rabuwa da shi sai za ta shiga bayan gida.

Kwanan nan sai ga babban ɗansa, Abdul-Basit, mai gyaran waya a Bawku, ya sauka gidana ba sanarwa. Bai ko sha ruwa ba ya miƙo mini waya. "Baba Ƙarami, duba wannan bidiyo. Wannan abu da Mma yana ja, ba carbi ba ne sam." Uwarsa yake nufi, da irin Hausarsa ta Bawku.

Na duba. Titi ne a Barazil cike da dubban maza cikin farare, da rawanin da na lura ashe tawul ne aka naɗa, ana kiɗa, ana rawa, ana fesa wa jama'a turare. Kowa wuyansa cike da irin carbin Yaya. Sai na ga wani ya cire ɗaya ya rataya wa wata mace a wuya, ita kuma ta sumbace shi a bainar jama'a. Abdul-Basit ya ce haka al'adar take: tsarkiya ɗaya, sumba ɗaya. Ya ƙara da cewa launukan ma na wasu iskoki ne da kakanninsu suka tafi da su daga ƙasar Yarbawa. Na cire tabarau na goge, na mayar, abin bai canza ba.

Daga baya na sa ya karanto mini abin da ya samu game da su. Ƙungiyoyi ne na jikokin bayi, masu fitowa a bikin titi na shekara da suke kira kanibal. An yi zamanin da hukuma ke hana baƙar fata buga gangar Afirka a titi, ana kama su ana fasa gangunan. Suka ƙi bari. Waɗannan masu fararen kaya 'yan dakon tashar jiragen ruwa ne suka kafa su. Wasu ƙungiyoyin kuma suna koyar da yaran unguwa kiɗa da tarihin inda aka kwaso su. Har ma akwai Musulmi cikin bayin da aka kai garin da ake wannan biki, da Hausawa a cikinsu, masu rubutu da allo. To, ni yanzu me zan ce? Mutanen da suka riƙe abin kakanninsu da haƙori har yau, in kira su 'yan iska? Ko kuwa in ce ba komai yayana ya yi shekaru yana tasbihi da abin sayen sumba?

Abdul-Basit shi ba ya cikin ruɗu. Ya ce za a karɓe carbin a jefa a tsohuwar rijiya, ya riga ya sayo wa uwarsa wani na Madina. Abin da ya fi damunsa, kuma na ga hawaye a idonsa da ya faɗa, shi ne ko zikirin ubansa na shekarun nan ya karɓu. Ni kuwa abin da ya dame ni tsohuwar ce. Idan aka raba ta da shi, me za ta riƙe? A hanyar Salaga na yi ta tambayar kaina me Yaya zai yi da yana raye ya ga bidiyon nan. Na tabbata zai fasa wayar. Can kuma na tuna maganar goro, sai tabbacin ya gudu. Ban san dalilin da ya sa na sako duwatsun nan biyu a aljihu ba, wataƙila don a haɗa a zubar gaba ɗaya.

Muka same ta a tabarma, carbin na zagayawa a yatsunta. Abdul-Basit ya yi ta kewaye-kewaye, ya kasa furta kalmar a gaban uwarsa. Ita ce ta taimake shi.

"Maganar sumba ce ta kawo ku tun daga Bawku?"

Muka dubi juna.

"Ai ubanka ya sani," in ji ta. "Tafintan nan bai ɓoye masa komai ba, har da maganar iskokin. Ya ce musu dutse na Allah ne, su ma na Allah ne. Ya kai wa mai shirya carbi ya ƙirga masa casa'in da tara, ya ce waɗannan na Ubangiji. Ragowar ya zuba a aljihu."

Na ce, "Hajiya, ragowar fa?"

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙullin tsumma, ta buɗe. Duwatsu ne farare da shuɗɗa, sun kai cikin tafin hannu.

"Ɗai-ɗai yake ba ni. Idan doya ta yi kasuwa, ko ya ɓata mini rai, ko ba dalili. Ya ce wai shi ba zai karya wa baƙi al'adarsu ba." Ta yi 'yar dariya. "Kai kuma Basit, kana tsammanin daga rijiya aka ɗebo ku?"

Abdul-Basit ya tashi ya fita tsakar gida, carbin Madina na cikin ledarsa.

Ni na zauna kamar an dasa ni. Wannan mutum da ya hana ganga a gidansa, shi ne ke yawo da kanibal a aljihu, yana zuwa da shi sahun gaba. Ban sani ba ko malamai za su wanke shi, ni ba malami ba ne, kuma har gobe ban san abin da zan gaya wa ɗansa game da zikirin ba sai dai Allah ya fi mu sanin zuciyar bawansa. Rumbunan doyar Yaya an sayar, babbar motarsa ta zama kwangiri a bayan gida. Abin da ya rage nasa sosai shi ne sakwarar da ya ciyar da jikokin waɗanda aka sayar a garinmu, da ƙullin tsumman nan. Ina kewarsa, kuma ina jin haushinsa, domin da ya nuna mini wannan gefen nasa ko sau ɗaya, da mun yi dariya tare.

Kafin in tashi na ciro duwatsun nan biyu, na sa mata a hannu, na gaya mata inda na same su. Ta shafa su da yatsa.

"Ashe da saura," ta ce. "Waɗannan ban biya ba."

Ta kai su bakinta, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙulle su tare da sauran. Allah ya jiƙan Yaya Munkaila.