Bushiya da Ƙanena Ilu

A ƙauyenmu, gab da Cadawa, in an gama kai gero rumbu sanyi ya shigo, kakarmu Hajo takan hura wutar kara a bakin ɗakinta. Mu kewaye ta, ni da ƙanena Ilu, muna tonon gyaɗa cikin toka. Tsohuwar nan akwai baki! In ka fara gyangyaɗi sai ta ce, “Kai, mai kan tulu, tatsuniyata ba ta bin mutum shimfiɗa.” Ilu kuwa ba ya iya saurare a zaune. Duk dabbar da aka ambata sai ya tashi ya kwaikwaye ta, mu yi dariya har da hawaye.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Bushiya. Wai hatsin rumbun gari ne ke ta raguwa, ba a fasa rumbu ba, ba a ga sawu ba. Ashe Gafiya ce, aminiyar sarki, take ja ta ƙarƙashin ƙasa. Fada ta ce a yi wasa a dandali, a nuna wa talakawa yadda ɓarawo ke yi. Kowa ya ƙi zama ɓarawon wasa sai Bushiya, don tana son a tafa mata. Ta yi sanɗa, ta yi raɓe-raɓe, aka sha dariya, Gafiya na gefen sarki tana tafi. Gari na wayewa, duk inda Bushiya ta bi sai a ce ga ɓarauniya.

“Shi ya sa har gobe in ta ji tafiyar mutum take dunƙulewa,” in ji Kaka. “Ido abin da ya gani yake riƙewa, jikokina, ba ya tambaya.”

Ilu ya girma yana gyaran salula, wato wayar hannu, a kasuwar Cadawa. Masu shirya fim suka zo daga birni da labarin ɓarayin da ke wawushe jama'a ta waya, suka ba shi matsayin ɓarawon. Ya shigo gida jiki na rawa: “Yaya, zan fito a fim!” Wallahi na taya shi murna.

Fim ɗin ya ce manyan 'yan siyasa ne suka sa a yi satar, amma su sai ƙeya da babbar riga aka nuna. Fuska ɗaya ce ta cika allo, da tsagen gidanmu a kumatu, da Hausarmu a baki. Aka yanko guntun wurin, aka yi ta tura shi waya zuwa waya, ba farko ba ƙarshe.

A wurinmu wanda ya miƙa maka salularsa asirinsa ya miƙa maka. Mutane suka janye. Wata tsohuwa ta tare shi: “Ilu, ashe haka kake?”

“Inna, wasa ne fa.”

“Wanda bai saba ba, ya iya haka?”

Ya rufe rumfarsa ya yi arewa. Daga Agadas ya kira mu, tun daga nan shiru.

Da ina ƙarama na zaci Kaka son tafi take hana mu. Yanzu na gane tambaya take koya mana: wa ya shirya wasan, wa kuma aka bari zaune a inuwa? Na gane, amma ban gane da wuri ba, kuma abin yana cina.

In kewa ta ishi innarmu, sai ta ce in kunna mata guntun nan. Ta ƙura wa ɓarawon ido tana share hawaye da bakin zane. Shi kaɗai ne wurin da ɗanta ke motsi yana magana.