Zazzaɓin Fangalin Gwaggo Sista

Gwaggo Sista, yayar mahaifina, ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya a ɗakin jariran da aka haifa ba su cika wata tara ba, irin waɗanda ake sawa a kwalba. Duk unguwa Sista ake ce mata, har mijinta. In kina son ganin ɓacin ranta, ki shigo mata gida da jariri ba hula. Ba za ta jira ki gama sallama ba, za ta karɓe shi ta naɗe, tana faɗa miki cewa sanyi ne ke kashe su, ba yunwa ba. Ni kaina da nake koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, har yau in na yi atishawa a gabanta sai ta ɗauko bargo, ko da kuwa ana zafin da kaji ke buɗe baki.

Mijinta, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin ofishin ruwa ne, yana bi gida gida yana karanta mita. Mu Baba Mai Bokiti muke ce masa, don da wuya ka gan shi hannu sake. Mutum ne marar magana. In Gwaggo ta yi ta faɗa sai ya ce, "To, Sista," ya ɗauki bokitinsa ya zaga baya. A bayan kicin akwai wani ɗan fili tsakanin katanga da banɗaki, taku huɗu ne faɗinsa, taku bakwai tsawonsa. Duk shekara da zarar ruwan sama ya ɗauke sai ya yanka wurin fangali fangali, kowanne da 'yar ganuwarsa ta ƙasa don riƙe ruwa, ya zuba karas da kabeji da albasa. Amma abin alfaharinsa latas ne, wani iri mai jan baki, wanda wani tsoho ya ba shi tun yana saurayi. Bai ƙara sayen irin latas ba. Kowace shekara zai bar gindi uku su yi tsawo su yi fure, ya karkaɗe 'ya'yan a gwangwanin madara, sai kuma baɗi.

Gwaggo kuwa ko leƙe ba ta yi. "Ni da lambu?" take cewa. "In taɓa taki, in je in taɓa ɗan mutane?" Latas ɗin dai tana ci, bayan ta wanke shi sau uku.

Shekara uku bayan rasuwarsa, ta riga ta yi ritaya, filin ya koma na ciyawa da ƙadangaru. Wata ranar Asabar ta kira ni a waya ta ce in zo yanzu yanzu. Na same ta zaune a bakin gado da gwangwanin madara a cinya. A saman kwaba ta gano shi tana shara. A ciki akwai wani tsohon hankici a ninke, a ƙarƙashinsa kuma ɗan ƙullin takarda. Da ta buɗe sai ga irin, siri siri, baƙi baƙi, bai fi cikin ƙaramin cokali ba.

"Uwar Tambaya," ta ce, don haka take kirana tun ina yarinya, "abin nan yana mutuwa ne?"

Ban sani ba, amma ba na iya barci da tambaya a ciki. Ranar Litinin na tare malamin noma na makarantarmu, ya ce irin latas ba ya jimawa, daga shekara uku zuwa huɗu ƙarfinsa ya tafi, balle wanda ya kwana a saman kwaba cikin zafi. In za a shuka, bana ce. Da na faɗa wa Gwaggo sai ta ɗauko faranti da wuƙa ta raba irin gida uku daidai, kamar mai raba magani. Babu wani wuri a duniya da za a sake samo irin Baba Mai Bokiti, kuma ta san haka.

Ta yi shukar farko mako guda da ɗaukewar ruwa, lokacin da zafi ke dawowa da ƙarfinsa kafin gari ya fara sanyi. Ina tsaye ina kallo. Ta sa safar hannu ta roba. Ta huda ƙasa da yatsa har gaɓa ta biyu, ta jefa iri, ta rufe, ta yayyafa ruwa mai ɗumi. Sannan ta shimfiɗa baƙar leda a kan fangalin, ta danne gefuna da duwatsu. Duk wannan da tsakar rana.

"Gwaggo, ledar fa?"

"Abu ƙarami haka, ki bar shi a waje tsirara? Kin san sanyin asuba kuwa?"

"Haka Baba yake yi?"

"Ina na sani? Ke dai riƙe min dutsen nan."

Kwana goma ko ɗigon kore babu. Gwaggo ta zauna ta yi nazari irin nasu na asibiti, ta yanke hukunci cewa ɗumin ne bai isa ba. Ta shuka kashi na biyu, ta mayar da leda, wannan karon har da tsohon bargo a sama. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce jarirai nawa na taɓa rayawa. Na ce ko ɗaya. Ta ce to in ja bakina in yi shiru. Raina ya ɓaci, na yi kwana tara ban taka gidan ba. Amma son sani ya fi ƙarfin fushina, ranar ta goma sai ga ni.

Tare muka ɗaga bargon. Wani tururi ya bugi fuskarmu, mai warin ruɓaɓɓen abu. Ƙasar ta yi sumul, babu komai sai tana guda biyu a bushe. Gwaggo ta zauna a kan bokitin mijinta da ta kifa, ta zuba wa fangalin ido. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Saura kashi ɗaya," ta ce.

A nan ne tambayar ta zo min. "Gwaggo, kullum kina cewa ba a ba da magani sai an yi awo. Kin auna shi kuwa?"

Ta kalle ni kamar za ta zage ni, sai kuma ta miƙe. Ta dawo da ma'aunin zafinta na gilashi, wanda ta yi aiki da shi shekaru. Ta yarfa shi sau uku, ta soka a ƙasa, ta ɗaga hannu tana kallon agogo. Da ta zaro ta ɗaga shi saitin haske, sai ta ce, "Innalillahi." Layin ya haye har ƙarshen gilashin, ba sauran lamba.

"Wannan ai zazzaɓi ne. Da jariri ne da tuni na aika a taso likita."

"To nawa ya kamata ya zama?"

"Talatin da bakwai mana," ta ce. "Ko kuwa?"

Washegari muka shiga kasuwa, layin masu kayan noma. Akwai wani dattijo mai sayar da iri, rumfarsa cike da ƙananan kwalabe da ƙunshin takarda. Na so in yi masa bayani a taƙaice, Gwaggo ta ture ni ta ba shi labari tun daga farko, da ranaku da awanni, kamar mai miƙa aiki ga wadda ta zo canjinta. Da ta zo kan bargo, mutumin ya sunkuyar da kai yana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

"Yi dariyarka, Malam," ta ce. "Na ga kafaɗarka tana rawa."

"Wallahi Mama ba dariya nake ba. Ai niyyarki mai kyau ce. Sai dai shi latas ba jariri ba ne. In ƙasa ta yi zafi, ƙin tashi yake yi, ya yi ta barci har ya ruɓe. Sanyi yake so, ƙasa da talatin nesa. Kuma ba a binne shi, haske yake nema. A barbaɗa a sama, a ɗan danna da tafin hannu, shi ke nan."

"Ina zan samo sanyi a garin nan yanzu?"

"Ki yi wa wurin inuwa, ki jiƙa buhu ki shimfiɗa, ki jira gari ya sauko. Sannan akwai dabarar tsofaffin hannu. Sukan zuba irin a jiƙaƙƙen ƙyalle, su sa a firji kwana biyu. Sai ya ɗauka sanyi ya zo, ya farka. Ranar ta biyu da yamma, rana ta yi sanyi, sai a shuka."

Ni ina ta jero masa tambayoyi, wane irin ƙyalle, wane ɓangaren firji, ban lura Gwaggo ta daina magana ba. Muka shiga motar haya. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Hankicin nan na cikin gwangwani."

"Na'am, Gwaggo."

"Duk shekara, daidai wannan lokacin, sai in buɗe firjina in tarar da shi a jiƙe a kan ɗan faranti, kusa da madara. Ƙyalle a firji! Sai in ɗauko shi da yatsa biyu in aje a kan taga, in yi ta faɗa. Ya ce, 'To, Sista.' In dawo daga aiki in tarar ya koma ciki. In sake fitarwa." Ta gyara mayafinta. "Shekara talatin muna haka. Na ɗauka ƙazanta ce irin ta maza. Ban taɓa ce masa mene ne a ciki ba."

 

Daga ranar Gwaggo ta koma bakin aiki. Ta manna takarda a ƙofar kicin, ta ja layuka, safe, rana, yamma. Ta kafa sanduna huɗu ta ɗaura tsohon zanen gado a sama. Ta jiƙa buhuna ta shimfiɗa a kan fangalin, tana sake jiƙa su kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi da tsumma. Ma'auninta ba ya sauka ƙasa sosai, don haka na aro mata na ɗakin gwajin makarantarmu. Kullum na tashi daga aiki sai in biya in karanta takardar. Talatin da huɗu. Talatin da biyu. Wata rana ya koma talatin da uku, ta yi ta mita kamar ƙasar ta ƙi shan magani. Kwana goma sha shida muka yi muna jira kafin awon yamma ya tsaya a ashirin da shida, kwana uku a jere.

Ta wanke hankicin, ta jiƙa, ta juye kashi na ƙarshe a ciki. Ta ninke shi a kan layukan da mai shi ya bari, ta ɗora a ɗan faranti, ta kwashe madara daga kantar sama ta cikin firji ta ba shi wurin.

Bayan kwana biyu da yamma muka fita da shi. Wasu daga 'ya'yan sun riga sun fasa, da ɗan farin abu kamar bakin zare. Ta cire safar roba ta aje. Ta barbaɗa su a kan ƙasa, ta danna da tafin hannunta, ta tsaya. Na ga idonta yana zuwa kan bargon da ke rataye a igiya.

"Gwaggo."

"Na sani. Hannuna ne ke ƙaiƙayi." Ta soke hannayen a hammata. "A bar abu haka a buɗe. Kai, wannan aiki da wuya yake."

Rana ta huɗu da sassafe wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, ba ta ko amsa gaisuwata ba. "Sha huɗu," ta ce. "Na ƙirga sau uku." Na je na durƙusa a bakin fangalin, da ƙyar na gan su, kowanne da kunne biyu ƙanana. Ƙadangaru suka cinye uku, biyu suka kwanta da kansu. Tara suka girma, da jan bakinsu, sak irin na da. Shida muka ci. Uku na jikin katanga ta ce duk wanda ya taɓa su ita da shi. Suka yi tsawo suka yi fure, ta karkaɗe su a gwangwanin madara har ya kai rabi.

Bana, da ruwa ya ɗauke, ina gidan lokacin da matar ɗanta ta zo gaishe ta. Ta buɗe firji za ta ɗauki ruwa, sai ta yamutsa fuska, ta ɗago ɗan farantin da yatsa biyu.

"Mama, wannan ƙyallen fa? Mene ne a ciki?"

Na ɗauka faɗa za ta yi. Gwaggo ta daɗe tana kallon hannun yarinyar, sannan ta jawo kujera kusa da ita ta buga da tafi.

"Mayar da shi, ki rufe, kar sanyin ya fita," ta ce. "Zo ki zauna in faɗa miki. Ke kin tambaya."