Ƙudajen Jikata a Ɗakina

Ni dai tun da na zo unguwar Parkchester a nan ƙasar Turawa ba a taɓa ganin ƙuda a gidana ba, a tambayi kowa a benenmu. Sai shekarar da gwamnatin ƙasar nan ta rufe. Da aka gaya mini, na ce gwamnati shago ce da za a ja mata ƙofa? Aka ce manyansu ne suka kasa shiryawa a kan kuɗi, kowa ya ɗauki jakarsa ya tafi gida.

Ina ruwana, in ji ni. Ashe ruwan nawa ne.

Jikata da ke zaune tare da ni tana karatun zama dakta a jami'a, kuma duk unguwa na riga na sanar. Ɗakin da take bincikenta na gwamnati ne, sai aka sa masa kwaɗo har da ma'aikatansa aka sallama. Ran nan da la'asar ta shigo rungume da kwali, ta ajiye kusa da hita, abin ɗumama ɗaki, a ɗakina. Na buɗe ina zaton tsaraba ce. Kwalabe ne ƙanana, an toshe bakinsu da auduga, ciki 'yan mitsi-mitsin ƙudaje suna ta yawo.

"Ke 'yar nan, wannan fa?"

"Kaka, karatuna ke nan. In suka mutu, shekarun da na yi duk sun tafi, sai na sake daga farko. Ɗakinki ya fi ɗumi."

"Daktan ƙuda za ki zama? Mutanen sun ƙare ne?"

Ta ba ni amsa da Turanci, yadda take yi in ba ta da gaskiya.

Ƙudajen ba su da hayaniya, amma abincinsu, wani damammen garin masara da yis, tsami yake kamar kunun da ya kwana uku. Ranar Juma'a maƙwabciyata 'yar Maraɗi za ta zo mini wuni, mace mai hancin tsiya. Na ce ba za a fita da ni a baki ba. Na kunna gawayi a kasko, na zuba turaren wuta mai kyau, na kai ɗakin na ja ƙofa.

Da ta zo na shiga ɗauko mata darduma, sai na leƙa kwalin. Duk sun zube a gindin kwalba, ƙafafu a sama. Na yi salati da ƙarfi, ta shigo a guje.

"Hajiya, wa ya rasu?"

"Digirin yarinyar nan! Buɗe taga!"

Ba ta tsaya tambaya ba, Allah ya saka mata. Ta cire mayafinta tana kaɗa hayaƙi, ni na ɗauki murfin tukunya ina yi wa kwalabe fifita, ina cewa ku tashi don girman Allah. Ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka. Muna cikin haka jikata ta turo ƙofa, ta tarar da tsofaffi biyu durƙushe suna roƙon ƙuda.

Ta nufi kwalin a guje. Ta ɗaga kwalba ɗaya saitin haske. Can sai wani ƙuda ya motsa ƙafa, ya mirgina, ya kama bango yana hawa kamar mashayi. Na kusa da shi ya bi shi. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa.

"Suma suka yi," in ji jikata, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya da hawaye.

Kaɗan ne ba su farka ba, kuma ni na ce dama can raunana ne. Ta kwashe kaskona ta kulle a kabad, ta ce ba turare a gidan nan sai ranar da aka buɗe gwamnati. Daga ranar kullum ina gaban talabijin, ba na jin abin da manyan nasu suke faɗa, amma ina yi musu faɗa su shirya.