Barcin Baba a Ranar Wasan Waje

Ni ban san ƙwallo ba, har yau kuma ban damu in sani ba. Amma akwai shekarar da duk Bololo babu wanda ya kai ni kare kocin ƙungiyar unguwarmu, har maza suka riƙa nuna ni da baki in na wuce.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa tun ina goye “Uwata” yake ce mini. Wannan suna ya ba ni damar da sauran ’yan’uwana ba su samu ba. Ina shiga zaure maza na zaune, in ƙwace kofin shayi daga hannunsa, in yi masa faɗa, shi kuwa sai dai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da ƙanena ne ya gwada haka, da ya gane kurensa.

Baba na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, shi ya sayi rigunanta na farko, kuma shi ne mafi tsufa a kwamiti. Wata Lahadi ya dawo daga fili muryarsa ta dushe, ya tsuguna zai yi alwalar Magariba, sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya buɗe baki zai kira ni, harshe ya ƙi. Kwana uku muka yi a asibiti. Ranar sallama likita ya ja ni gefe ya ce wannan karon Allah ya kiyaye, amma in jinin ya sake hawa irin haka, ɓarin jiki zai tafi, ko ma abin ya wuce nan. Ya hana gishiri, ya hana kilishi, ya hana duk abin da zai tayar masa da hankali.

Na sayi na’urar awon jini. Kullum in na rufe rumfata a kasuwar Dembe, maimakon in wuce gidana Shagwa sai in hau kilando, wato ɗan acaɓan nan, in zo in ɗaura masa a dantse. Gishiri bai ba ni wahala ba. Wasan gida ma na shawo kansa, na hana shi zuwa kallo, kuma ranar duk abokansa suna fili, zaure babu kowa, sai in ɓoye wayarsa a cikin tukunyar da ba a amfani da ita har a tashi. Wasan waje ne ya gagare ni.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, babu rediyon da ke kawo wasanta. Abin da ake yi tun da waya ta zo shi ne, direban da ke kai ’yan wasa kudu ko gabas zai tsaya a bakin fili ya kira, a saka wayar cikin kwanon sha don murya ta ƙara ƙarfi, a ajiye a tsakiyar tabarma. A zauren Baba ake wannan zama, bayan La’asar, mutum goma sha wani abu. Wa zan kora? Dattawan da suka halarci sunana?

Ranar farko na zauna a bakin ƙofar cikin gida, na’ura a cinyata. Aka fara. Direba ya ce, “Muna baya.” Bayan ɗan lokaci ya ce, “Har yanzu muna baya.” Can ya ce gola ya riƙe ƙwallo ya kwanta a kanta. Can kuma ya fara ba mu labarin tsadar mai a hanya, don babu abin faɗa. Na waiwaya in dubi Baba, sai na ga ya jingina da bango, hula ta zame, yana barcinsa. Aka tashi babu-babu. Na auna shi, sha uku, wato jini lafiya lau. Wallahi saura kaɗan in yi guɗa.

Haka aka yi a wasa na biyu, haka a na uku. Ashe kocin nan ɗabi’arsa ke nan: in a gida ne ya saki yara, in an fita waje sai ya tara kusan kowa a gaban raga, ya bar mutum ɗaya tilo a gaba yana yawo kamar wanda ya zo kasuwa ya manta abin da aka aike shi. Ni kuwa na ƙaunaci bawan Allahn nan ban taɓa ganinsa ba.

Su kuma ’yan zaure kamar su cinye shi ɗanye. Kawu, ƙanen mahaifiyata, tela ne, shi ya fi kowa zafi.

“Wannan ƙwallo ce?” in ji shi. “Ka kwashi yara kwana biyu a mota, ka je garin mutane ka tsaya kana gadin raga? To ya nemi aikin gadi mana, ga shaguna nan a kasuwa!”

Akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, shi kan ɗan sassauta, ya ce maki ɗaya a waje ba abin rainawa ba ne. Sai a taso masa a ce boko ya ɓata shi. Baba kuwa, da ya farka sai ya tambaya, “Nawa-nawa?” A ce babu-babu. Ya gyara hula ya ce, “Matsoraci!” Daga nan ya ja ragamar zagi kamar shi ya fi kowa sauraro. Abin mamaki, wannan musun ba ya ɗaga masa jini, don cikin dariya da shayi ake yinsa. Na auna ba sau ɗaya ba.

Ban san lokacin da na fara sa baki ba. Na tsinci kalmomi a bakin malamin nan, na riƙa jefa su. Kawu ya ce, “Ke kuma ’yar nan, da shunu, mene ne haka? Me ya kawo ki? Faɗa mini, mutum nawa ke buga ƙwallo?” Na ce goma sha biyu. Zaure ya kaure da dariya, har mai dafa shayi ya ƙone yatsa. Na ce oho, ko nawa ne, ai dai ba a ci mu ba.

Wata rana Baba ya juyo kaina. Ya ce, “Uwata, kakanki da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina ya nufi Makka. Da irin zuciyar kocin nan gare shi, da ko ƙofar gari bai fita ba.”

Na ce, “To Baba, ya isa Makkan? Ai nan ya tsaya ya kama sayar da goro. Shi ma canjaras ya yi.”

Zaure ya fashe. Baba ya yi dariya har da hawaye, yana nuna ni da carbi yana cewa Allah ya shirye ni. Na ji daɗin ranar, ba zan ɓoye ba.

Daɗin bai daɗe ba. Da kakar wasanni ta zo ƙarshe, saura wasa ɗaya, a kudu. Canjaras ya ishe mu mu tsira a rukuninmu, amma Kawu da mutanensa suka ce sun gaji da abin kunya. Suka zuga Baba, kwamiti ya kira koci, Baba da bakinsa ya gaya masa: wannan karon ko ya fita ya kai hari da ’yan gaba uku, ko ya ajiye usur ya nemi wani wurin. Da na ji, na san abin da hari yake nufi a zaurenmu. Direba zai yi ta kururuwa cikin kwano minti casa’in, a ci mu, mu rama, Baba a tsaye jijiyar wuyansa ta fito. Na tuna butar nan tana gangarawa a tsakar gida.

Na roƙe shi ya zo Shagwa ya wuni a wurina ranar. Ya ce shekara talatin bai taɓa barin zaurensa ranar wasan waje ba. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce, “Uwata, kalas, an gama magana.” Wannan ne karo na farko da sunan bai yi mini aiki ba.

Sai na yi abin da ban gaya wa kowa ba. Na bincika, ashe kocin ma a Shagwa yake, layi huɗu tsakaninmu. Na ɗauki turmin atamfa daga rumfata a matsayin tsaraba, na je na yi sallama da matarsa, muka gaisa, ta kawo mini karkanji mai sanyi, wato zoɓo, sannan ta kira shi. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ba ya jin Hausa, da Larabcin da ake yi a garin nan muka yi magana. Na gaya masa ko ’yar wa ce ni, sai na ga fuskarsa ta ɗaure. Na ce ba aiko ni aka yi ba. Na ba shi labarin buta, da maganar likita, da barcin Baba. Na ce don Allah ya yi yadda ya saba.

Ya yi wata ’yar dariya ya ce shekara ashirin ana zaginsa a kan wannan wasa, ni ce ta farko da ta tako ta roƙi ya ƙara. Ya ce mutane ba sa ganin ƙafafun yaran in sun sauko daga mota, a kumbure, wasu ko takalmi ba ya shiga. Amma ya ce, “Hajiya, ban yi miki alkawari ba. Ina da iyali, kuma mahaifinki ba ya magana biyu.” Na fito ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Ranar wasa zaure ya cika har waje. Na ba Baba maganinsa da hannuna, na zauna a wurina. Aka saka waya a kwano. Kawu ya durƙusa ya yi ihu a ciki, “Nawa ya sa a gaba?”

Direba ya tsaya ya ƙirga. Sannan ya ce, “Ɗaya.”

Kai! Zagin da aka yi a zauren nan bai faɗuwa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce alhamdu lillahi a cikin mayafi. Direba ya ci gaba da waƙarsa ta kullum, muna baya, har yanzu muna baya. Kafin hutun rabin lokaci Baba ya jingina da bango ya lumshe ido.

Sai dai wasan bai tafi yadda na so ba. Saura minti kaɗan a tashi, kwanon ya ɗauki ƙara kamar zai tsage. An ba abokan karawarmu fenariti. Duk zaure ya miƙe tsaye, Kawu ya dafe kai yana salati, wani ya taka tiren shayi. Na dubi Baba. Bai motsa ba. Kansa ya faɗo a ƙirji, bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na dama ya saki, carbi na ƙasa. Duk wannan hayaniya, a ce mutum bai ko buɗe ido ba?

Ban san yadda na tsallake mutane na isa gare shi ba. Na durƙusa, na kama hannun, na kasa kiran sunansa. A bayana aka sake fashewa da ihu, wai gola ya kaɗe, ni ko a jikina. Na kai kunnena kusa da fuskarsa. Sai ya ja wani minshari mai tsawo, har leɓensa na rawa.

Na zauna daɓas a kan tabarma na fashe da kuka, ina kuka ina dariya. Kawu ya ce, “Ku duba mini ’yar nan, ashe ƙwallon ta shige ta haka!” Na bar shi a haka.

Da aka tashi Baba ya farka. “Nawa-nawa?” Aka ce babu-babu, mun tsira. Ya gyara hula ya ce, “Matsoraci!” Na ɗaura masa na’ura. Sha uku.

Bayan kowa ya watse zuwa masallaci, na kawo masa buta. Ya karɓa da hannun dama, ya riƙe ta gam, na tsaya ina kallon hannun. Bai dube ni ba ya ce, “An ce an ga atamfar rumfarki a jikin matar koci.”

Garin nan ba a ɓoye komai.

Ya ce, “Kin zaci ban gani? Ranar farko da kika zauna a bakin ƙofar can, na ga yadda kike kallona, kamar wadda ke jiran a ce an yi rasuwa. Shi ya sa na rufe ido, barcin ƙarya, don ki samu ki numfasa.” Ya zuba ruwa a tafinsa. “Daga baya ne ya zama na gaskiya. Wasan mutumin nan, ko aljani ya saurara sai ya yi barci.”

Na ce, “To yanzu korarsa za ku yi?”

Ya wanke fuska sau uku kafin ya amsa. Ya ce, “Na faɗa a gaban mutane, kuma ban saba janye magana ba. Amma zan gaya musu uwata ta hana. A cikinsu wa zai ce in saɓa wa uwata?”

Ya miƙo mini butar, ya tashi da ƙafafunsa, ya bi bayan mutane zuwa salla.