Rabin Gaskiyar da Na Faɗa a Kan Hedimastanmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi, yau na ga ya kamata ni ma in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina. Lokacin da abin ya faru ni ƙaramin malamin firamare ne, ban jima da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, aka turo ni wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoda. Matata na da tsohon ciki, ga mahaifiyata a hannuna. Shekarun nan ne na fari da tsadar abinci, gero ya yi wuya har wasu gidajen sukan wuni ba a ɗora tukunya ba.

Hedimastanmu dattijo ne siriri, mai tsohon keke. An san shi a duk yankin da iya gane yaro mai kaifin basira. Kowace shekara akan ba makarantarmu gurbi uku na waɗanda za su zauna jarrabawar shiga makarantar kwana ta yara masu hazaƙa, shi kuwa ba ya duba ɗan wane ne. Ɗan maƙeri ne, 'yar mai daddawa ce, ko ɗan Fulanin rugar bayan gari, in dai kansa yana ja, zai bi iyayen har gona ya roƙa a bar masa yaron bayan la'asar, ya koya musu lissafi da Turanci kyauta. Ni ma shi ya koya mini aikin. Shi ya nuna mini cewa yaron da ya yi shiru a bayan aji ba lallai daƙiƙi ba ne, wataƙila yunwa ce, ko kuwa ya riga ya gane darasin ya gaji da jiran sauran.

A shekarar, cikin ukun da ya zaɓa akwai ɗan wata mata mai dakau wadda mijinta ya rasu. Ban taɓa koyar da yaro mai saurin ganewa irinsa ba. Sai wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda kusan kowa a garin ke cin abinci ta hannunsa, ya nemi a sa sunan ɗansa. Hedimasta ya ce a kawo yaron ya yi gwaji tare da sauran. Aka yi, ya zo na shida, aka faɗa wa Alhaji gaskiya cikin ladabi. Bai ji daɗi ba. Ba a jima ba aka kai takardar koke ofishin ilimi, wai hedimasta na karɓar abin hannu a wurin iyaye kafin ya sa sunan yaro. Abin da ya rage musu shi ne malami ɗaya daga cikin makarantar da zai ba da shaida.

Ranar kasuwar Ɗambatta Alhaji ya kira ni rumfarsa. Ya tambayi jikin mai ɗakina, ya ce ya ji haihuwa ta kusa. Ya ce shi ba ƙarya yake so in yi ba, abin da na gani kawai zan faɗa. Kafin in koma gida an sauke buhun gero biyu a zaurena. Abin da na gani kuwa shi ne, wata rana matar nan mai dakau ta kawo wa hedimasta kwanon gyaɗa don godiya. Ya karɓa don kada ta ji kunya, ya sa aka soya aka raba wa yaran darasin yamma. Ni ma na ci. Da jami'ai suka zo bincike suka tambaye ni, na ce na ga ta kawo, na ga ya karɓa. A nan na tsaya. Hedimasta yana zaune a gefe yana jina.

Aka sauke shi daga muƙaminsa, aka tura shi wani ƙauye can bayan Kunci a matsayin malamin aji. Aka cire sunan maraya aka sa na ɗan Alhaji. Ranar da hedimasta zai tafi ya kira ni ofis, ya miƙo mini littattafan da ya rubuta tambayoyin gwaji da hannunsa na shekara da shekaru. Ya ce, "Malam, na san halin da gidanka ke ciki. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka bari darasin yamma ya mutu." Na karɓa kaina a ƙasa. Ban ce ya yafe mini ba.

Ɗan Alhaji ya faɗi jarrabawar, gurbin ya tafi a banza. Matar nan kuwa aka riƙa nuna ta a bakin rijiya ana cewa ita ta jawo wa hedimasta, har ta cire ɗanta daga makaranta. Yau dako yake yi a kasuwar hatsi, furfura ta fito masa. Duk inda ya gan ni sai ya ajiye kaya ya durƙusa ya gaishe ni, bai san ni na tare masa hanya ba.

Shekara uku ina cewa zan je Kunci in nemi gafara, kullum sai in ce bari a gama shuka, bari a yi girbi, har labarin rasuwar hedimasta ya iske ni a aji. A wurin ta'aziyya na ga tsofaffin ɗalibansa, har da likitoci da wata malamar jami'a, duk 'ya'yan talakawa, suna kuka kamar ubansu ne ya rasu. Da na shiga gaida iyalinsa, matarsa ta ce ai ta san ni a bakinsa, kullum yana cewa cikin malaman da ya horar ba wanda yake sa wa rai kamar ni. Sai na gane ko ita bai taɓa faɗa mata wanda ya ba da shaida a kansa ba.

Na riƙe darasin yamma har na yi ritaya, kuma ban sake barin wani ya taɓa sunan yaro ba. Mutane na yabona a kan haka, ni kuwa duk yabon ƙara mini ciwo yake yi. Na koyi cewa mutum na iya yin shaidar zur ba tare da ya furta ƙarya ko ɗaya ba. Ina kira ga 'yan'uwana malamai, komai tsananin rayuwa, kada ku sayar da gurbin ɗan talaka, don shi ba shi da wata ƙofar. Wanda kuma ya san ya zalunci wani, ya tashi ya je yau. Ni na jira girbi, na tarar da kabari.