Bencin Bakin Ƙofa: Ta'aziyyar Mama Kyauta

Mama Kyauta, Allah ya karɓi ranki da hantsin ranar Talata, sha biyar ga watan Yulin 2025, a gidanki da ke Ƙaura Namoda. Ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'izarki na shiga coci, na ga bencin bakin ƙofa, na ga wadda ke zaune a kansa ita kaɗai, na kawar da kaina na wuce gaba. Da wannan zan fara, domin ba zan iya yabonki ina riƙe da shi a ciki ba.

Ga wanda bai san ki ba: ke ce uwar Zumuntar Matan Katolika ta ɗan ƙaramin cocinmu, kuma kafin ki ajiye aiki, ma'aikaciyar jinya ce ke mai karɓar haihuwa. Kin yi aiki a Shinkafi, kin yi a Zurmi, kika dawo Ƙaura da gwiwoyin da suka gaji da harshen da bai gaji ba. Yawancin jariran da suka faɗo hannunki 'ya'yan Musulmi ne, kuma ban taɓa jin kin ambaci wannan a matsayin abin lura ba. Ranar zaman makoki wani dattijon makiyayi, Malam Labbo, ya taso daga wajen Birnin Tsaba duk da halin da hanya ke ciki. Ya gaya mana yadda kika ƙetare rafi da ruwa iya ƙirji, jakarki a ka, don matarsa da naƙuda ta yi wa tsanani. Da kika iso rugar, in ji shi, faɗa kika fara yi masa don bai kira ki da wuri ba. Ya yi dariya, ya rufe fuska da rawaninsa.

Shekarar da mutanen wajen Kurya Madaro suka gudo daga harin 'yan bindiga, kin buɗe musu zaurenki da ɗakuna biyu. Ke da kanki kika sayo butoci, kika shimfiɗa tabarmi, kika kira maƙwabcinki ya nuna musu alƙibla. Waɗannan kowa ya sani, kowa kuma ya faɗa a bakin kabarinki. Zancen bencin ne ba wanda ya taɓo.

Na nemi izinin Lauratu kafin in rubuta sunanta. Ta ce, “Rubuta, Inna. Sun daɗe suna faɗi a bayan idona, bari a faɗa sau ɗaya a gabana.” Ba zan wuce abin da gari ya riga ya sani ba, saura tsakaninta ne da likitanta da Mahaliccinta.

A hannunki aka haife ta. Tun ranar kin ga halittar jikinta ba ta fito sarai ba, kika gaya wa uwarta, kika rufe bakinki ga kowa. Aka yi mata baftisma, ta tashi cikin 'yan mata, tana rawa a gaba ranar bikin girbi. Da ta fara girma sai muryarta ta buɗe, gashi ya tsiro a haɓarta. A cocinmu, kamar yadda muka gada, maza suna zama dama, mata hagu. Ba wanda ya kore ta. Matsawa kawai muka riƙa yi. In ta zauna, wadda ke kusa sai ta tuna tana da magana da wata a gaba. A hankali ta koma baya, layi bayan layi, har ta kai ga bencin bakin ƙofa, inda ake ajiye tsintsiya da lema. Idan Fada, limamin cocinmu, ya ce mu ba juna alamar salama, coci ya cika da musafaha, ita tana tsaye hannuwanta a haɗe.

Wasu mata suka je wurin Fada ya yanke hukuncin ɓangaren da ya dace da ita. Ina cikinsu, ni Rahila, mai koya wa yara addini. Ya ce mana Ikilisiya tana koyar da cewa Allah ya halicci mutum namiji da mace, jiki kuma baiwa ce da ake karɓa da godiya, ba tufa ba ce da mutum zai tuɓe ya sauya don ya ga dama. Muka gyaɗa kai. Sai ya ci gaba. Ya ce wanda aka haifa da irin wannan lalura bai yi laifin kome ba, neman taimakon likita kuma halal ne gare shi. Ya ce darajar ɗan Adam daga kamannin Allah take, babu ciwo ko siffa ko zunubi da ke rage ta. Ya ce rabon benci al'adarmu ce, ba dokar Ikilisiya ba. Muka fito da rabin farko a hannu, muka bar masa rabi na biyu a ofis.

Ke ba ki je wurin Fada ba. Lahadin da ta biyo baya kin tashi daga kujerarki ta gaba, kujerar uwar zumunta mai matashi, kika taka da sandarki har bakin ƙofa, kika ture lema gefe, kika zauna. Shekaru kina can. Ruwa ya feso ki, rana ta same ki, kunnenki da ya yi nauyi bai ƙara jin wa'azi sosai ba. Da na yi miki magana na ce, “Mama, namiji da mace Allah ya yi, babu na uku,” sai kika dube ni ta saman tabarau.

“Wa ya ce miki akwai na uku? Ni cewa na yi mutum ce. Ke da kike koya wa yara, mi kike ce musu in sun tambaye ki kamannin wa gare ta?”

Har yau tambayar tana bina.

Ban sauya ra'ayina game da koyarwar Ikilisiya ba, ke ma ba ki taɓa neman in sauya ba. Kin riƙe ta fiye da ni. Abin da ke hana ni sukuni shi ne yadda na iya bambance gaskiyar da ke tsare ni daga mutane da gaskiyar da ke tura ni wurinsu, na rungumi ta farko da ƙarfi, ta biyu kuwa na bar ta a leɓe. Shin tsoron Allah ne ya sa na matsa daga Lauratu, ko ƙyama ce na yafa wa mayafin ibada? Na kai wannan tambaya wurin furta zunubi, na dawo da ita.

Da ciwo ya kwantar da ke, wata la'asar na zo duba ki. Kika kori jikokinki waje, kika kama wuyan hannuna.

“Ɗiyata, wanga benci ke za ki gaje shi.”

Na ce akwai waɗanda suka fi ni taushin zuciya.

“Su ba su da amfani gare ni. In mai taushi ta zauna, za a ce tausayi ne ya rinjaye ta. In ke kika zauna, mai fuska kamar ranar azumi, ba mai cewa an sassauta addini.”

Kika ɗora carbin rosarinki a tafina, na yi alkawari a kansa cewa muddin ina iya taka ƙasa, Lauratu ba za ta tsaya ita kaɗai lokacin salama ba.

Sai ga Lahadin farko. Na ga idanun mata, na tuna iyayen yaran ajina, ƙafata ta kai ni wurina na kullum. Da aka zo salama na waiwaya. Na ga hannun Lauratu ya ɗaga kaɗan zuwa gefen da kike zama, saboda sabo, sa'an nan ya sauka. Ta fita kafin a karɓi Jikin Almasihu. Cikin makon na ji ta ce ba za ta ƙara zuwa ba.

Mama, ban taɓa yin mako irin wannan ba. In na ɗauki carbi sai in rasa inda na tsaya. Na dafa tuwo na bar shi ya kama. Na kama hanyar shagon Lauratu, na kai bakin kasuwa, na juyo. Sai ranar Asabar na isa. Lauratu tela ce, ita ke ɗinka mana kayan zumunta. Na same ta a kan keke tana haɗa fararen rigunan da za mu sa ranar addu'ar tunawa da ke. Ba ta tsayar da ƙafarta ba.

“Inna, awo kika zo? Taki na gama.”

“Gafara na zo nema.”

“A'a, ai ba ki yi mini kome ba. Ku duka ba ku taɓa yi mini kome ba.” Ta ciji zare. “Abin da ke ba ni dariya, nan in ina auna ku, kusa da ni kuke tsayawa, hannu a sama, har kuna cewa in matse ƙugu. A coci ne kaɗai nake da kaifi.”

Na gaya mata alkawarin da na yi miki, na gaya mata na karya shi.

“To don Mama za ki zauna ke nan, ba don ni ba.”

Na so in ce don ita ne. Amma kin san ban iya ƙarya ba, ko mai daɗi. Na ce, “Gobe don Mama ne. Ki ba ni lokaci.” Ta dube ni, ta ci gaba da ɗinki, ba ta ce za ta zo ba.

Washegari Lahadi na riga kowa isa coci. Na kawar da tsintsiya, na zauna a wurinki. Mata suna shigowa suna gaishe ni da ido. Wata ta sunkuyo ta ce, “Malama, lafiya? Ko jiri ne?” Na ce lafiya lau. Aka yi waƙar shiga, gefena babu kowa. Aka yi karatu na fari, babu kowa. Na fara tunanin na makara, kuma zan ɗauki wannan har kabarina. Ana miƙewa don karatun Bishara inuwa ta rufe ƙofa: Lauratu ce. Ta zauna can ƙarshen benci, ta bar tsakaninmu wurin mutum guda. Da Fada ya ce mu ba juna salama, ni na matsa. Ta kama hannuna, ta ce a hankali, “Inna, hannunki rawa yake.”

Na ce, “Na sani. Riƙe shi haka nan.”

Mun bi layi tare zuwa bagade don karɓar Jikin Almasihu. Da yamma uwa ɗaya ta aiko cewa 'yarta ba za ta ƙara zuwa ajina ba. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, kuma zuciyata ba ta gama wankuwa ba tukuna.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan baiwarka Kyauta, ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutawar da ba ta ƙarewa a cikin haskenka. Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanta Gado da iyalinsa, ga 'yan'uwana matan zumunta, ga maƙwabtanta Musulmi da suka zauna makoki tare da mu, da dukan waɗanda kukansu na fari a tafin hannunta ya sauka, daga Shinkafi har Zurmi. Ga Lauratu kuma, wadda ta yi rashin da ya fi na kowa, Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ki haƙuri da mu.

Game da alkawarin, Mama: Lahadin farko na karya shi. Ta biyu na cika shi. Tun daga ranar ban koma kujerar gaba ba, kuma ba zan koma ba.